Bin Sawun Garmar Shanu Daga Maigatari Zuwa Damagaram

Wanda zai shiga ƙasar Dogo-Dogo ta Nijar daga Kano, hanyar Gumel ce tasa. Mota ta bi da shi ta Gezawa da Gujungu, ta ratsa Gumel, ta sauke shi a Maigatari, a bakin iyaka. Na daidaita tafiyata da ranar Alhamis, domin ita ce ranar kasuwar garin, ranar da ba a rasa abin hawa zuwa ƙetare. Ƙarshen bazara ne, zafi ya kai maƙura, gabas takan haɗa hadari da la'asar ya watse bai zubar ba, hankalin kowa kuma ya koma gona.

An san Maigatari da kara. Raƙuma da shanu da tumaki da jakuna, daga Nijar har Chadi ake koro su, dillalai na ciniki da naira da sefa a lokaci guda. Amma ni ba a nan na daɗe ba. Can gefe, inda masu kayan ƙarfe ke baje hajarsu, na tarar da garemanin shanu jere a ƙasa, wasu da sabon fenti kore, wasu shuɗi, wasu ko fentin ba su samu ba, tabon walda a fili. Yawancin masu tayawa mutanen ƙetare ne, da lissafin jika ake gane su. Na tsaya ina kallon wani dattijo yana zaɓe. Bai tambayi kuɗi ba tukuna. Ya kama garma ta hannuwanta ya ji nauyinta, ya kwantar da ita, ya durƙusa ya shafa bakin da babban yatsa, sannan ya ɗauki ɗan dutse ya ƙwanƙwasa kunnuwan biyu yana saurare. Wadda ta amsa da ƙara mai tsawo sai ya ware ta gefe, wadda ta amsa a dushe ya ture ta da ƙafa.

Abin da ya fito da ni daga gida ke nan. Wannan garma, da amalanken da za a ɗora ta a kai zuwa ƙauye, akwai masana'antu a bayansu, ɗaya ma ta haura shekara 200 da kafuwa. Ƙasar da ke tsakanin Maigatari da Dungas da Magarya kuwa tana cikin wuraren da za ka ga aikin waɗannan masana'antu ya haɗu a gona guda.

Daga bakin iyaka ɗan kabu-kabu ne ya ɗauke ni. Hanyar rairayi ce, wani wurin sai ya sauke ƙafafu yana tallafa wa babur kafin mu fita. Ba don tuta da kakin jandarma ba, ba za ka ce an sauya ƙasa ba: Hausar ita ce, ginin rumbu shi ne, aure da zumunci kuma ba su taɓa sanin layin da Ingila da Faransa suka shata tsakanin 1906 da 1908 ba. Dogo-Dogo ƙaramar hukuma ce ta karkara a jihar Damagaram. A da tana ƙarƙashin Magarya, har 2011 da aka ɗaga Dungas ta zama gunduma mai cin gashin kanta, aka haɗa Dogo-Dogo da Guci da Malawa a ƙarƙashinta. Gero da dawa da wake da gyaɗa da riɗi ake nomawa, jama'a sun yi yawa, gonaki sun matse, ba sauran saura.

Abin da ya fi cika ido a hanya shi ne gawo. Duk inda ka duba yana tsaye cikin gonaki, kore shar a lokacin da komai ya bushe. Halinsa ne ya yi ganye da rani ya zubar da damina, don haka ba ya tare wa gero rana, ganyensa kuma taki ne. Tun zamanin sarakunan Damagaram akwai hukunci mai tsanani a kan mai sare shi, kuma bayan farin shekarun 1980 manoman Magarya da Matamaye da Mirya suka koma barin 'ya'yansa su tashi a gona maimakon a sassabe su. Na kawo zancen gawo ne don yana da hannu a labarin garma. 'Ya'yansa ne abincin shanun noma a daidai lokacin da ciyawa ta ƙare kuma aiki ke gabatowa. Sannan gonar da ke cike da itatuwa manya da ƙanana, mai shanu yakan kewaye kowanne cikin sauƙi, tarakta kuwa sai dai ta tuge.

Mai masaukina ya kai ni wurin wani maƙeri a gefen garin Dogo-Dogo da hantsi. Rumfar zana ce, ƙasanta baƙi ƙirin da tokar gawayi. Babu zuga-zugin fata, an maye gurbinsa da ƙafar keke da aka haɗa da fanka, wani yaro yana juyawa wuta na huci. Uwar maƙerar guntun ƙarfen wata tsohuwar babbar mota ce da aka binne rabinsa a ƙasa. Garemani sun kai goma a jingine suna jiran gyara, masu su na zaune a kan tabarma suna hira.

"Sannu da aiki, Baba."

"Yawwa, sannu kadai, Malam. An zo lafiya? Ya mutan Kano?"

Bai ajiye masaba ba sai da ya gama abin da ke gabansa. Guntun sifirin mota ne ya ciro daga wuta da awartaki, ja wur, shi da babban ɗansa suna dukansa bi da bi har ya baje ya ɗauki siffar bakin garma. Ya huda shi wuri biyu tun yana da zafi, ya mayar wuta, ya jira launinsa ya kai yadda yake so, sannan ya tsoma gefen kaifin kaɗai cikin ruwa, ya bar sauran ya huce da kansa. Na tambaye shi dalili. Ya ce in ya tsoma duka, ƙarfen zai yi tauri har ya karye ranar da ya ci karo da saiwar gawo. In bai tsoma ba, rairayi zai cinye shi kafin a gama huɗa.

Da ya ga da gaske nake, sai ya tashi ya bi garemanin ɗaya bayan ɗaya yana faɗa mini asalinsu. "Wannan tamu ce, ƙirar nan. Wannan 'yar Zariya ce. Waccan kuwa, mai nauyin nan, ta Turawa ce, ta girmi mai ita. Baki kawai nake sauya mata." Na duƙa na duba ta. Fenti ya daɗe da barinta, hannuwan sun yi santsi don riƙo, amma ƙirjinta zubi ne guda, ba walda ko ɗaya, kuma kunnuwanta suna buɗewa su tsuke gwargwadon faɗin kunyar da manomi ke so.

Garmar da ya kira ta Turawa, sunanta a takardun ma'aikatar gona Emcot, asalinta kuma garin Ipswich ne a gabashin Ingila. A can wani mai zubin ƙarfe, Robert Ransome, ya buɗe maƙerarsa a 1789 da jarin fam 200 da ma'aikaci ɗaya. Abin da ya fito da sunansa ya zo a 1803. Ya lura cewa narkakken ƙarfe in ya taɓa wuri mai sanyi, gefen da ya taɓa yakan fi ɗayan tauri. Sai ya riƙa zuba bakin garma ta yadda cikinsa zai yi tauri, bayansa ya ɗan yi taushi. Turɓaya na cin gefe mai taushin da sauri, don haka bakin yana wasa kansa yana cikin aiki. Matsalar da maƙerin Dogo-Dogo ke warwarewa da kwanon ruwa, ita ce Ransome ya warware da zubi.

A 1808 ya sake yin rajistar wata dabara wadda ni a ganina ta fi ta farko amfani ga mutanenmu: garma mai sassa da ake kwancewa a sauya, kowane sashe a kan awo guda. In baki ya cinye, ba sai an kai garma birni ba, a kwance noti a ɗaura sabo, ya zauna daram. Kowa ya san injin niƙa ko babur ya san darajar wannan, amma a wancan zamani sabon abu ne.

'Ya'ya da jikoki suka ɗora. A 1832 suka fara ƙera injin yankan ciyawa, cikin shekarun 1840 suka shiga injunan tururi suka gina babbar masana'anta a bakin kogin Orwell, a 1884 kamfanin ya ɗauki sunan da aka fi saninsa da shi, Ransomes, Sims & Jefferies. Sun yi injunan sussuka, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya har jiragen sama suka haɗa. A ƙarshen shekarun 1980 aka sayar da sashen kayan noma, a 1998 kuma kamfanin Textron na Amurka ya saye abin da ya rage, aikin ya koma injunan aske ciyawar filayen wasa. Gidan da ya fara da garma ya bar garma, ita kuwa ga ta jingine a rumfar zana tana jiran damina.

Auduga ce ta kawo ta ƙasar Hausa. Masaƙun Ingila na neman auduga, aka kafa hukumar bunƙasa nomanta a ƙasashen da Ingila ke mulka a 1921, daga sunan hukumar ne aka yanko Emcot. A 1928 ma'aikatar gona ta Arewacin Najeriya ta fara shirin noma da shanu da manoma uku kacal. Ta hannun En'e ake ba mutum bashin bijimai biyu da garma, ya biya a hankali. Zuwa tsakiyar shekarun 1960 masu noma da shanu sun haura dubu 30. Abin da ya sa ta karɓu a bayyane yake: Bahaushe ya riga ya saba da huɗa, garmar hannu yake tayar da kunya da ita yana duƙe, sai ga wadda ke yin aikin nan nasa da ƙarfin sa. Ba a ce masa ya sauya noma ba, an dai sauke masa wahala. Daga baya kamfanin John Holt ya buɗe masana'antar kayan noma a Zariya yana ƙera irinta, ita ce 'yar Zariyar da maƙerin ya nuna mini. Daga nan maƙera suka kwaikwaya, kasuwannin iyaka suka ƙetarar da ita Nijar ba tare da takarda ko shirin wata gwamnati ba.

A bayan rumfar akwai wani abin daban, rabinsa cikin rairayi: wani dogon ƙarfe mai ƙafa ɗaya a gaba da hannuwa biyu a baya, da wuraren ɗaura kayan aiki. Maƙerin ya ce ta gwamnati ce, daga Damagaram aka kawo irinta zamanin bashi. Arara ake kiranta. Jiki ɗaya ne da ake sauya wa kai: yau garma mai kifar da ƙasa gefe guda, gobe haƙoran noma, jibi abin tonon gyaɗa. Ya ce ƙarfenta mai kyau ne ƙwarai, ya sha yankar irinsa ya yi gyara da shi. Sai ya nuna mini amalanken da yake ɗauko gawayi da shi, ya bugi ƙarfen da ke riƙe ƙafafun da tafin hannu. "Wannan ma daga can ya fito. Katako na sauya, taya na sauya, shi kam yana nan."

Wannan magana ce ta sa na miƙa arewa. Na bi ta Dungas, daga nan na yi yamma zuwa Magarya a wata tsohuwar a-kori-kura da ta ɗauki buhunan riɗi da mutane a kansu. A hanya amalanke ba ya yankewa: na sa ɗaya, na bijimai biyu, na jaki, wani da jarkokin ruwa, wani da taki zuwa gona, wani da mata da yara za su biki. Na ga ɗaya an shimfiɗa katifa an kwantar da mara lafiya, wani yaro na riƙe masa lema.

Ba za a fahimci masana'antar Damagaram da ta ƙera Arara ba sai an fahimci gyaɗa, Magarya kuwa tsakiyar ƙasar gyaɗa ce. A shekarun 1960 gyaɗa ce ke kawo wa Nijar fiye da rabin kuɗin da take samu daga waje, mafi yawanta kuma daga wannan ɗamara ta kudu, tsakanin Maraɗi da Damagaram, take fitowa. A 1962 gwamnatin Diori Hamani ta kafa SONARA don sayen gyaɗa da fitar da ita, ta kafa UNCC don haɗa manoma ƙungiya-ƙungiya da ba su bashi. A 1967 aka ware asusun bashin noma, CNCA. Matatun mai suka tsaya a Maraɗi da Matamaye, a nan Magarya kuma aka gina ta SEPANI. Tsarin a sarƙe yake: manomi ya karɓi kaya bashi, da kaka ya kai gyaɗa sikeli, a cire bashin a ba shi saura. Dattawan da na zauna da su a tashar Magarya har yanzu da zamanin sikeli suke auna shekaru, wane an haife shi ana gyaɗa, wane bayan ta mutu.

A kan wannan tsari aka ɗora ƙera kayan noma a cikin gida. Cikin shekarun 1970, da kuɗin yuraniyom na Arlit ya fara shigowa kuma gwamnatin Seyni Kountché ta sa ciyar da kai a gaba bayan farin 1973 da 1974, aka kafa masana'antu a manyan garuruwan noma: CDARMA a Doso, ACREMA a Tawa, SEFAMAG a Maraɗi, UCOMA a Damagaram. Aikin UCOMA shi ne ta ƙera wa manoman wannan jiha Arara da kayan ɗaura mata, da amalanken shanu da na jaki. Ƙarfe daga waje yake zuwa, a yanka, a lanƙwasa, a huda, a yi walda a kan ma'auni, ta yadda na farko da na ɗari za su fito iri ɗaya. A lokaci guda akwai babban shirin raya karkara da ake kira 3M, wato Mirya da Magarya da Matamaye, da tallafin Turai. Akan ɗauki matashi da matarsa su yi damina guda a cibiyar horo suna koyon sarrafa shanu da shuka a layi da zuba takin zamani, in sun gama a sallame su da kayan aiki bashi, su koma ƙauye su zama abin koyi. An kuma horar da maƙeran karkara don gyara da ƙera ƙananan sassa. Wanda ya tsara abin ya yi tunani.

Sai dai kafin ginin ya ƙarasa tsayuwa, ƙasan da aka ɗora shi a kai ya fara zaizayewa. Fari ya riga ya raunana gyaɗa, a 1975 kuturtar gyaɗa da darɓa ke yaɗawa ta share gonaki a Nijar da Arewacin Najeriya baki ɗaya. Manoma suka koma gero da wake, wake kuwa ba ya bi ta sikelin gwamnati, kasuwannin iyaka yake bi ya shiga Najeriya, don haka babu inda za a tare bashi. Farkon shekarun 1980 farashin yuraniyom ya faɗi, rangwamen da gwamnati ke yi wa kayan noma ya gagara. Farin 1984 ya kashe shanu, wasu aka sayar da su a ci abinci. A shekarar aka rushe UNCC, asusun CNCA ya durƙushe da bashin da ba a biya ba, SONARA ma ba ta ga ƙarshen shekarun 1980 da ƙafafunta ba. Masana'antun da suka saba da odar dubbai daga hukuma guda suka wayi gari sai su nemi mai saye ɗaya-ɗaya da kuɗi a hannu. Karyewar darajar sefa da rabi a Janairun 1994 ta zo ta ninka kuɗin ƙarfen da ake shigowa da shi. Irin wannan durƙushewa ta faru a Senegal ma, inda SISCOMA, babbar masana'antar kayan noma ta yankin, ta faɗi da aka tsayar da bashin manoma a 1980, aka tashe ta da sunan SISMAR.

Ni dai ba na ɗora laifin a kan masu walda da injiniyoyin da suka yi aikin, domin ƙarfen da suka haɗa ga shi yana aiki bayan shekara arba'in. Raunin yana cikin tsarin ne. Mai sayen kayan hukuma ce, ba manomi ba, don haka muryar manomi ba ta isa teburin zane da wuri. An kawo masa garma mai kifar da ƙasa, alhali a rairayin Dungas kunya yake so, mai riƙe ruwa ta binne ciyawa ta tsare shuka daga iska. Abin da ya dace da buƙatarsa cikin kayan, wato amalanke, ya rungume shi hannu biyu, domin garma aikin 'yan makonni take yi a shekara, amalanke kuwa ba ya hutu, kuma yana biyan kuɗin kansa da haya. Maƙerin ƙauye shi kullum yana jin manomi. Yana ba shi bashi sai kaka, yana karɓar damin gero a madadin kuɗi, in garma ta karkace a gona da safe kafin azahar ya miƙe ta.

Amma kada son maƙera ya rufe mana ido. Abin da na gani a rumfar nan ya nuna mini abin da aka rasa da masana'antu suka ja baya. Kowane maƙeri da awonsa. Bakin da aka saya a Maigatari ba lalle ya hau garmar da aka ƙera a Dungas ba, sai an sake huda. Ƙarfen kuma sa'a ce: yau sifirin mai kyau, gobe guntun tankin da ba ya riƙe kaifi, shi ya sa dattijon can yake ƙwanƙwasawa da dutse. In iyaka ta rufe, kamar yadda aka yi daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da kuma bayan juyin mulkin Yulin 2023, tsohon ƙarfen ma sai ya yi wuya. Garma mara daidaito shanu take gajiyarwa, mai riƙo ya kwana da ciwon kafaɗa, kunya ta fito a karkace. Rabon aikin da ya kamata a bayyane yake tun farko: masana'anta ta fitar da abin da rumfa ba za ta iya ba, wato baki mai tauri da ƙarfen ƙafafu da ma'auni guda, maƙeri ya haɗa sauran ya kula da gyara.

Daga Magarya zuwa Damagaram kimanin kilomita 90 ne a kan kwalta, ta Bande da Dogo, wadda ba ita ce Dogo-Dogo ba ko da yake baƙi kan haɗa su. Hanyar na ratsa fadamun Korama, inda rake da rogo ke kore ko da rani. Manyan duwatsu masu sulɓi ne ke fara yi maka maraba da birnin. Na shiga unguwar Birni da yamma na tsaya a ƙofar fadar Sarkin Damagaram, domin tarihin ƙera a wannan gari ya girmi UCOMA nesa ba kusa ba. Sarki Tanimun, wanda ya yi mulki daga 1851 zuwa 1884 ya kuma kewaye birnin da ganuwa, ya tara maƙera suna zuba masa igwa suna haɗa albarushi a nan cikin gari, a zamanin da Damagaram ke kan hanyar fatake zuwa Tarabulus. Garin da ya zuba igwa kafin zuwan Faransawa, ya kuma zama hedikwatar Nijar har 1926, ba baƙo ba ne a wurin wuta da ƙarfe.

Washegari na bi layin masu walda a wajen Birni. Ƙofofi da tagogi da gadaje sun fi yawa, amma a wani fili na tarar da amalanke sabbi an jingine su a jere, fenti bai gama bushewa ba. Mai wurin, mutum mai matsakaicin shekaru da baƙin tabarau a goshi, ya ce maigidansa da ya koya masa sana'a a masana'antar gwamnati ya yi aiki kafin ya buɗe nasa. Na ce ya nuna mini abin da ya gada daga can. Ya shiga ɗaki ya jawo wani faffaɗan ƙarfe mai ramuka da ƙugiyoyi, ya ɗora a kan benci, ya ɗauko bututun da zai zama ƙarfen ƙafafu ya zaunar a ciki. Bututun ya shige daidai, ba gaba ba baya. A kan wannan ma'auni yake haɗa kowane amalanke, don haka boris iri ɗaya ne ke shiga duka, tsawon ƙarfen ɗaya ne, ramukan noti a wuri ɗaya suke. Kan ƙafafun daga matattun motoci yake samowa, tayoyi kwance ne, bututu da faranti daga Kano.

"To, Malam, in na mutumin Dungas ko Dogo-Dogo ya lalace fa?" na tambaye shi.

"Waya zai bugo mini, Alhaji. Ba sai ya kawo ba. In ya ce nawa ne, na san awonsa. In ba direban kasuwa, maƙerin garinsu ya ɗaura masa."

Ya ce yanzu kekuna masu ƙafa uku na ɗaukar kaya sun fara cin kasuwarsa a cikin gari, tun da matatar SORAZ ta fara aiki a 2011 mai ya samu a kusa. A ƙauye kuwa, inda rairayi ke riƙe taya kuma sa ke cin karan gona, oda ba ta ragu ba. Muna cikin magana wuta ta ɗauke, ya sa yaro ya tayar da janareto, domin akwai amalanke huɗu da ya yi alkawarin za su bi motar Magarya kafin ruwan farko. Na yi masa sallama na nufi tasha, na shiga motar Matamaye da za ta sada ni da Daura.